Kunnen Amatullahi

Kunne ɗaya ya rage wa ɗiyata, na hagu, shi ma ba duka ba. Ma'aikaciyar asibiti a Katsina ta ce in kiyaye shi, kada in bari ƙara mai ƙarfi ta riƙa dukansa. Da ta faɗi haka sai dariya ta kuɓuce mini, har matar ta ɗaga kai ta dube ni. Ba ta san wanda take gaya wa ba. Ni ne Badamasi mai lasifika. Duk wata ƙara da ke tashi a Magama, daga bakin ƙofar iyaka har tashar manyan motoci, da hannuna na ɗaura ta.

Masallatai biyu ne a layinmu, ɗaya a ƙarshen gabas, ɗaya a ƙarshen yamma. Na gabas na Malam Yusha'u ne, dattijo mai dogon carbi, mutanensa suna sakin hannu idan sun tsaya salla. Na yamma na Malam Zunnuraini ne, matashi mai ɗangalallen wando, nasa mutanen suna kama hannu a ƙirji. Shekara goma sha biyu ina yi musu aiki, iyakar bambancin da idona ya gani ke nan. Amma idan ka saurari wa'azin kowannensu, sai ka rantse ɗan'uwansa ne ya sa aka taɓa rufe iyaka, kuma shi ya kawo tsadar masara.

Gidan da na gada wurin mahaifina yana tsakiyar layin daidai, saboda haka a ƙofata ake gwada wa ya fi wani. Malam Yusha'u zai turo mutum ya tsaya a zaurena lokacin kiran azahar, ya koma ya ce muryar yamma ta danne tasu. Washegari a kira ni, in hau tsani, in ƙara lasifika, in juya bakinta ta kalli rufina. Bayan sati Malam Zunnuraini shi ma ya aiko. Haka muka yi ta tafiya har gabas ta kai shida, yamma biyar, huɗu daga ciki bakinsu a tsakar gidana. Da kiran salla kaɗai ne da sauƙi. Akwai wa'azi, akwai martanin wa'azi, akwai karatun da ake kunnawa daga waya a tafi kasuwa a bar shi yana yi. Ban taɓa cewa uffan ba. Sana'ata ce, kuma kaina kan kumbura idan direbobin Maraɗi masu jiran takarda suka ce tun daga Ɗan Isa, can cikin Nijar, suke jin aikina. Ƙarya suke yi, amma ina so.

Matata Ummusalma ta haihu farkon damina, ɗiyarmu ta fari. Mahaifiyarta, Inna Tsahara, ta ƙetaro daga Ɗan Isa don ta yi mata wankan jego. Kafin a share ɗaki malaman biyu sun aiko, kowa yana cewa shi zai yi wa jaririya huɗuba. To wa zan ɓata wa? Sai na yi wata dabara da har na yi ta alfahari da ita a majalisa, na raba musu kunnuwan. Malam Yusha'u ya yi kiran salla a na dama, Malam Zunnuraini ya yi iƙama a na hagu, suna hararar juna ta saman kan yarinyar da ko cibiyarta ba ta faɗi ba.

A kwana na uku idanunta suka yi rawaya. Inna Tsahara ta ce shawara ce. Ummusalma ta ce ko a kai ta asibiti. Na tambayi Malam Yusha'u, ya ce ba a fita da jinjiri kafin suna, ya ba ni rubutu. Malam Zunnuraini ya ji labari, ya ce rubutu shirka ne, ya aiko da man habbatus sauda. Babu wanda ya ambaci likita a cikinsu, ni ma ban ambata ba, don a lokacin hankalina yana kan ragon suna da ya maƙale a wancan gefen iyaka. Ranar suna rawayar ta ɗan ja baya. Aka yanka rago, aka raɗa mata Amatullahi, kowa ya ce rubutunsa ko mansa ne ya yi aiki.

Daga nan aka fara lura da haƙurinta. Lasifika goma sha ɗaya su tashi lokaci ɗaya, kwanon rufi yana rawa, kaji suna neman maɓoya, ita kuwa tana barcinta. Idan idonta biyu sai ta kafe rufi da kallo, ko gezau. Matan layi suka fara cewa ba su taɓa ganin yarinya mai natsuwa da kiran salla irinta ba. Magana ta kai gabas. Wata Juma'a ina zaune a sahu na ji Malam Yusha'u, ta cikin lasifikar da na ɗaura masa, yana cewa akwai jaririya a layin nan da ke yin tsit idan an ambaci Allah, kuma kowa ya san bakin da ya fara shiga kunnenta. Da la'asar yamma ta mayar da martani, cewa iƙama ita ce ta ƙarshe, kuma ta ƙarshe ita ke zama.

Mata suka fara zuwa ganinta. Har daga Nijar ake shigowa, masu kawo tugande da cuku kasuwa su biyo ta gidana su shafa kanta su shafa fuskarsu. Wata mai neman haihuwa ta roƙi tsumman goyonta. Ni kuwa ina zaure ina amsa gaisuwa kamar na yi wani abin kirki.

Za ka ce yaya aka yi wata uku ba mu gane ba. Ai ɗiyar fari ce. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, uba ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, balle a gaban suruka. Ummusalma "ke" take ce mata, shi ma a ciki-ciki. Ni ko leƙa fuskarta ba na yi sai Inna Tsahara ta zaga bayi. Inna ce kaɗai ke mata wasa, ita kuma kullum fuska da fuska take yi, yarinya ta ga haƙora ta yi murmushi. Kunya ta hana mu kiranta, malamai sun gaya mana dalilin shirunta, sai kowa ya kwanta a kan haka.

Ranar da na gane, wata Litinin ce da hantsi. Wani direba ya kawo mini amfilifayar motarsa, na gyara, na haɗa ta da wata tsohuwar lasifika a tsakar gida don in gwada. Na manta makirfo yana kusa. Sai lasifikar ta yi wannan kukan mai tsini da ke shiga har cikin haƙori. Inna Tsahara ta saki ƙwaryar da ke hannunta, gero ya watse. Akuyar maƙwabta ta tsinke igiya. Amatullahi tana kwance a tabarma, bai fi taku uku daga bakin lasifikar ba, tana wasa da yatsun ƙafarta. Ko ƙifta ido ba ta yi ba.

Na san sauti. Ban san fiƙihu ba, ban san nahawu ba, amma na san abin da wannan ƙara ke yi wa duk mai kunne. Na kashe na'urar, na ɗauki murfin tukunya biyu, na zaga bayan kanta na buga. Na sake bugawa. Inna Tsahara ta ce, "Badamasi, mi kake yi haka? Ka firgita ta." Na ce, "Inna, ai abin da nake nema ke nan."

Na ɗaga kai sai na ga Ummusalma a bakin ƙofar ɗaki, hawaye yana zuba, ba ta ko share shi ba.

Na ce, "Kin sani?"

Ta ce, "Yau sati ukku. Faranti ya faɗi kusa da kanta."

"Shi ne ba ki faɗa mini ba?"

"In ce mi? Gari duka ya ce waliyyiya na haifa. Liman ya faɗa bisa mumbari. Ni ce zan fito in ce kurma ce?"

Ban iya yi mata faɗa ba. Haushin da na ji ba nata ba ne. Washegari muka shiga mota zuwa Katsina, muka yini a layi, aka saka wa yarinya wasu wayoyi a kai tana barci. A nan ma'aikaciyar asibitin ta gaya mini abin da na fara da shi. Na dama ya tafi. Na hagu akwai saura, kuma idan ta ƙara wata biyu za a gwada mata na'urar da ke taimakon ji, wataƙila ta koyi magana da shi. Ta tambaya ko ta yi shawara tana jaririya. Na ce ta yi. Ta ce me aka ba ta. Na gaya mata. Ta ci gaba da rubutu, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

A mota muna komowa na yi ta lissafin abin da zan roƙa. Ba wani abu mai yawa ba ne. Lasifika huɗu da ke kallon gidana, biyu na gabas biyu na yamma, a juya su su kalli titi. Ko sauke su ban ce a yi ba. Aikin minti ashirin ne, kuma ni zan yi.

Na fara da Malam Yusha'u. Washegari na same shi a zaurensa bayan azahar, na durƙusa na gaya masa komai. Ya daɗe yana jan carbi. Abin da ya fara fitowa daga bakinsa shi ne, "Wa da wa ka faɗa ma wa?"

Na ce, "Babu kowa tukuna, Malam."

Ya ce, "To ka riƙe bakinka. Magana ta riga ta fita bisa mumbari, ba a maido ta. Likitoci suna faɗin abin da na'ura ta nuna masu, mu muna faɗin abin da ba ta gani. Wa ya ce maka ba wani abu take ji ba wanda mu ba mu ji?"

Na ce, "Malam, murfin tukunya ma ba ta ji."

Ya ce zai ba ni rubutu a ɗiga mata. Da na dawo kan maganar lasifika sai ya ce shi ba ya da matsala, amma yaron can na yamma ya fara juya nasa. In ya juya, shi ma zai duba.

Na tafi yamma. Malam Zunnuraini ya saurare ni yana duba wayarsa, sai da na kai wurin kunnuwa ya ajiye ta.

Ya ce, "Tsaya. Wane kunne ne ya mutu?"

Na ce, "Na dama."

"Na hagu fa?"

"Akwai saura kaɗan."

Wallahi na ga murmushin tun kafin ya kai ga leɓensa. Ya ce, "Allahu akbar. Na dama wa ya yi mashi huɗuba?" Ya juya ya dubi mutanen da ke zaune tare da shi. "Kun ji ko? Kun ji abin da nake gaya maku kullum?" Ya ce lallai wannan aya ce, kuma zai yi magana a kai ranar Juma'a. Na roƙe shi kada ya yi. Na ce abin da ya kawo ni lasifika biyu ne. Ya ce sunna ba ta ja da baya don bidi'a ta samu fili, dattijon can ya fara sauke nasa.

Na fito na tsaya a titi. Manyan motoci sun yi layi har inda ido ya ƙare, 'yan dako suna sauke buhuna, wani jami'i yana cin gyaɗa a inuwa. Na tuna cewa a cikin su biyun babu wanda ya tambayi yadda yarinyar take, ko yadda uwarta ta kwana. Ɗaya yana tsoron a ce ya yi kuskure, ɗaya yana murna ɗan'uwansa ya yi. Na raina su a ranar, raini irin wanda ba ya wankuwa. Na raina kaina fiye da su, don su ko hawa tsani ba su iya ba, ni na hau musu.

Tun ina yaro aka koya mini cewa addini shi ne abin da ke sa mutum ya ji tausayin na ƙasa da shi. Ban daina salla ba, kuma ban daina yarda da Wanda nake yi wa ita ba. Amma na tsaya ina tambayar kaina, wannan abin da muka cika layi da shi, wa yake yi wa aiki? Rijiyar layinmu ta rushe shekara biyu ba a gyara ba. Matar da mijinta ya ɓata a hanyar Batsari tana wanki a gidajen mutane, ba a taɓa ambatonta a mumbari ko ɗaya ba. Abin da muka tara muka saya lasifika ne. Kuma yanzu ina da ɗiya da zan raina a cikin wannan layi, in ce mata waɗannan su ne masu nuna hanya.

Ranar Alhamis da hantsi, lokacin da malaman da jama'arsu duk suka tafi ɗaurin aure Gangara, na ɗauki tsanina. Babu wanda ya tambaye ni, don an saba ganina a sama. Na juya biyu na gabas suka kalli tasha, na juya biyu na yamma suka kalli ƙofar iyaka. Ko waya ɗaya ban yanke ba.

Da aka kira azahar, a karo na farko cikin shekaru na ji kiran salla a tsakar gidana kamar daga bakin mutum yake fitowa. Har na ji tattabarun maƙwabcina. Ummusalma ta fito daga ɗaki tana dube-dube kamar an ɗauke wani abu daga gidan.

Shirun bai kai la'asar ba. Na ji sallama, na fito, sai ga abin da ban taɓa gani ba tun da aka gina masallatan. Malam Yusha'u da Malam Zunnuraini tsaye kafaɗa da kafaɗa a ƙofar zaurena, jama'arsu a baya sun cakuɗe, ba ka gane mai saki da mai kamawa. Shekara goma sha biyu ana neman wanda zai haɗa su, ashe ni ne.

Malam Zunnuraini ya ce, "Wa ya ba ka izini?"

Na ce, "Na roƙe ku, kowa ya ce ɗan'uwansa ya fara. Sai na fara muku tare."

Malam Yusha'u ya ce, "Badamasi, ubanka a bayana ya yi salla har ya mutu. Yau kai ne ka fifita kunnen jinjira bisa kiran Allah?"

Na ce, "Allah ba kurma ba ne, Malam. Ɗiyata ce kurma."

Wuri ya ɓarke. Wani ya ce in yi istigfari. Wani ya ce dama tun da na fara gyara wa masu kiɗan biki kaya aka san za a rina. Wata tsohuwa da ta taɓa shafa kan Amatullahi ta leƙo daga soro tana tambayar na kusa da ita ko gaskiya ne kurma ce, da aka ce mata e sai ta goge tafin hannunta a zane. Malaman suka ba ni zuwa safiyar Juma'a in mayar da komai yadda yake, in ba haka ba za su kira Manu daga Maraɗi, wanda ke ɗaura wa 'yan siyasa kaya.

Malam Yusha'u ya juyo kafin ya tafi, ya ce, "Kai dai ba ka ji."

Na ce, "Gado ne, Malam. Daga sama ya sauko mana."

Ban mayar ba. Manu ya iso da safe a kan babur, da sababbin lasifika biyu ɗaure a baya, ɗaya ta gabas ɗaya ta yamma, don kada a ce an fifita wani. Mutumin kirki ne, ya shigo har zaure ya gaishe ni, ya ce, "Maigida, ka yi haƙuri, aiki ne sunka kira ni." Na ce na sani, ni ma haka na riƙa cewa. Har tsanina na ara masa, don nasa gajere ne.

Inna Tsahara ce ta yanke magana. Tana ɗaure kayanta ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Gidana na bayan gari. Masallacinmu ladan da bakinai yake kira. Ku taho, in kun ga dama." Ban taɓa tunanin zan bar gidan ubana in zauna a garin surukai ba, kuma na san abin da za a faɗa a majalisa. Na shiga ɗaki na fara naɗe katifa.

Wani direba da na saba gyara wa rediyo ya ɗauke mu a motarsa ta ɗaukar kaya. Muka tsaya a ƙofar iyaka ana duba takardu, rana ta take, saura kaɗan a kira salla. Ummusalma tana neman katinta a jaka, sai ta miƙo mini yarinyar ba tare da ta yi tunani ba. Na karɓe ta a gaban Inna Tsahara, a gaban direba da jami'ai da 'yan dako. Na ji kunyar ta taso, na bar ta ta wuce. Na kai bakina daidai kunnenta na hagu, na kira ta da cikakken sunanta, karo na farko tun da aka haife ta.

"Amatullahi."

Ba ta motsa ba. Na matsa har leɓena ya taɓa kunnen, na sake kira da ƙarfi kaɗan. Yatsunta da ke wasa da maɓallin rigata suka tsaya. Ta juyo da kanta a hankali, ta dubi bakina.

Ummusalma ta gani. Ta dafe bakinta da katin a hannu.

A daidai nan aka hura makirfo a gabas, yamma ta amsa. Huɗun da na juya jiya Manu bai taɓa su ba, ya dai ƙara nasa, saboda haka na yamma suna kallonmu kai tsaye, kuma na san ƙarfin kowacce don ni na saya. Mutane suka fara ajiye kaya suna neman buta. Ni da na yi shekara goma sha biyu ina ɗaga muryar mutanen nan, na kwantar da kan ɗiyata a ƙirjina, na sa tafin hannuna na toshe mata kunnen hagu har suka gama.